Gahawar Sent Helena: ƙunshi biyu na samu, su ma da ƙyar

Ni mashayin gahawa ne tun ina saurayi, kuma ba na sa mata madara ko sukari, don haka in na ce wata ta yi daɗi, ita kanta nake nufi. Ta tsibirin Sent Helena na sha ta a gonar da take fitowa, na kuma taho da ƙunshi biyu. Yanzu saura rabin ɗaya, shi ya sa nake so in faɗi abin da na gani kafin ta ƙare.

Tsibirin yana can tsakiyar kudancin Tekun Atlantika, fiye da kilomita 1,800 daga gaɓar Afirka. Yankin Birtaniya ne, mutanensa ba su kai 4,500 ba. Jirgin sama na shiga daga Johannesburg. Kafin 2017 sai dai jirgin ruwa, kwana biyar daga Cape Town. Babban garin, Jamestown, yana cikin wani matsattsen kwari, duwatsu ƙeƙasassu hagu da dama, har ka ce ko ciyawa ba ta fita a ƙasar. Amma da mota ta fara hawa sama, ba a jima ba sai ga hazo, ga sanyi, ga kore shar ko'ina. A nan gonar take, a jikin gangaren da sai ka dafa ƙasa kafin ka taka.

Wani dattijo ne ya zagaya da mu. Ya tsinko ƙwaya ɗaya ja jawur ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce in ciza. Ɓawon yana da ɗan zaƙi, a ciki kuma 'ya'ya biyu manne da juna, masu santsi. Da hannu ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ta nuna ba a bar ta sai an dawo. Sai a ɓare, a wanke, a shanya. Na ga inda ake shanyar, an baza su a kan farantai, yana bi yana juya su da yatsu, yana tsince masu tabo yana zubawa a aljihun rigarsa. Irin kuwa tun 1733 Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila ya kawo shi daga Moka ta ƙasar Yaman, kuma da yake teku ta kewaye wurin, bai gauraya da wani iri ba.

Maganar ɗanɗano. Ba ta da nauyi a baki, ba ta da ɗacin nan mai kama maƙogwaro. Kurɓin farko za ka ji ɗan tsami-tsami kamar na lemun zaƙi, da ƙamshi irin na fure, in ta ɗan huce sai wani zaƙi ya biyo baya, kamar sukarin da aka ɗan ƙona. Wanda ya saba da baƙar gahawa mai buga kai zai ce ta yi masa lami, kuma ba zan yi musu da shi ba. Ni kam kofi uku na sha a zaune, ban ji ta ishe ni ba.

Sai dai akwai abin ƙorafi. Tana da tsada sosai, tana cikin mafi tsada a duniya, kuma ko da kuɗinka a hannu ba lallai ka samu ba. Shaguna uku na shiga a Jamestown kafin na dace. Ƙunshi ɗaya niƙaƙƙe ne, an niƙa shi ya yi laushi fiye da kima, ba a kuma rubuta ranar da aka soya ba. Ga mai biyan irin wannan kuɗi, wannan sakaci ne. Ɗayan na ƙwaya ne, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Na tambayi dattijon, na ce, "Baba, me ya hana ku faɗaɗa gonar?" Ya nuna mini hannuwansa. Ya ce ƙasa akwai, masu tsinka ne babu. 'Ya'yansa biyu suna aiki a tsibirin Asenshan da na Fokland, su ma a kudancin Atlantika, ta ukun tana Ingila, kamar da yawa daga samarin wurin, domin albashin gida bai taka kara ya karya ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Tsibirin ya sha ganin arziki ya zo ya wuce. Jiragen ruwa sun rage tsayawa bayan buɗe mashigin Suwez na Masar a 1869, wanda ya gajarta musu hanya tsakanin Turai da Asiya. Daga baya mutanen tsibirin suka dogara da filas, tsiron da ake igiya da shi, shi ma ya durƙushe a 1966 bayan gidan wayar Birtaniya, mai amfani da igiyar filas ɗin, ya koma amfani da igiyar roba. Har yau filas ɗin yana nan ya rufe tsaunuka, ba mai yanka. Filin jirgin da Birtaniya ta kashe wa kusan fam miliyan 285 an gina shi ne da fatan baƙi za su rage dogaro da tallafin Landan. Gahawa ba za ta ciyar da tsibirin duka ba, amma ba ta da nauyi, ba ta saurin lalacewa, tana da daraja, ita ce irin kayan da wuri mai nisa haka zai iya fitarwa ya ci riba.

Abu ɗaya ya sosa mini zuciya a yawon. An cika mu da labarin Napoleon, tsohon sarkin Faransa, wanda aka tsare a nan daga 1815 har ya mutu a 1821, da yadda ake cewa ya yaba gahawar. Ba wanda ya ambaci Kwarin Rupert, inda aka binne dubban 'yan Afirka da aka ƙwato daga jiragen bayi tun daga 1840, sai da na tambaya. A 2022 aka sake binne 325 daga cikinsu da aka tono lokacin aikin hanyar filin jirgi. Na je da kaina washegari, na tsaya na yi shiru.

In ka samu, sayi ta ƙwaya, ka niƙa daidai wadda za ka sha. Kada ka zuba ruwan yana tafasa, bari ya sauka kamar minti ɗaya, kuma kofin farko ka sha shi ba komai a ciki.