Ja da baƙi ko ruwan ƙasa da shuɗi: wace waya za ka saya?

Duk wanda ya shiga shagon kayan wuta a Najeriya zai tarar da naɗin waya ja, da baƙa, da koriya. Wannan tsari gadon Ingila ne, kamar soket ɗinmu mai ƙafa uku. Sai dai su can sun bar shi. A 2004 aka yi wa dokar wayarin ɗinsu, BS 7671, gyara don ta dace da ta sauran Turai, aka ba da shekara biyu na sauyi, daga Afrilun 2006 kuma sabon aiki sai da sabon launi. Layif, wato wayar da ke kawo wuta, ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa, nutural, wadda wutar ke komawa ta cikinta, ya tashi daga baƙi ya koma shuɗi, wayar atin kuwa, mai kai wuta ƙasa don kariya, kore da rawaya. Duba igiyar dutsen gugarka, da ma ita tun tuni haka take.

Dokar ba ta ce a fasa bango a cire tsohuwar waya ba. Gidan da aka yi wa aiki da ja da baƙi, in wayar na da lafiya, ana barinsa yadda yake. Maganar tana tasowa ne lokacin ƙarin ɗaki ko ƙarin soket, ko in mutum na da ragowar naɗi a sito yana jin asarar zubarwa.

Mafi arha shi ne amfani da ragowar. Jan ƙarfen da ke ciki bai san launi ba, wuta za ta bi. A tsarin Ingila abin da ake buƙata shi ne a gane kowace waya a bakin haɗi, don haka akan zura mata 'yar riga mai sabon launi a kowane kai. Rigar da ake zurawa ta fi salatef, domin salatef yana saki in zafi ya yi yawa, kuma zafinmu ba wasa ba. Wayar atin mai kore da rawaya dai ba a canza mata aiki ko da an lulluɓe ta da wani launi.

Sayen sabon launi ya fi tsada in kana da ragowa, amma ga aiki sabo fil shi ya fi kwanciyar hankali, musamman in kayan da za a haɗa, irin su inbata da na'urorin sola, sun zo da tsarin Turai. A gida mai fes ɗaya, wato wanda layif guda ke shigo masa da wuta, haɗa tsarin biyu ba ya rikitarwa sosai: ja da ruwan ƙasa duk layif ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne fes uku, irin na injin niƙa, da injin rijiyar burtsatse, da manyan shaguna. A tsohon tsari fes ukun ja ne da rawaya da shuɗi, baƙi ne nutural. A sabo kuwa ruwan ƙasa ne da baƙi da ruwan toka, shuɗi ne nutural. Ka ga shuɗi da baƙi sun yi musayar aiki. Mai gyara ya buɗe akwati ya haɗa shuɗi da shuɗi, ya ɗora fes a kan nutural ke nan, kayan da aka yi don wuta mai ƙarfin volt 230 sai su sha kusan 400. A nan ba na ba da shawarar cakuɗawa. In ta kama dole, a rubuta L1, L2, L3 (fes ukun) da N (nutural) a kan kowace waya a wurin haɗin, a manna gargaɗi a jikin akwatin, kuma a gwada da mita kafin a taɓa.

Kafin ka biya, ka sa a yanka maka bakin wayar ka kankare. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, bar musu kayansu ko da wane launi ne. Karanta kaurin da aka buga a jiki: 1.5 na ƙwayayen fitila, 2.5 na soket, 4 ko 6 na abubuwa masu jan wuta kamar kukar girki ta lantarki. Ragowar da ta daɗe a rana kuma ka lanƙwasa ta ka gani. In robar ta tsage ko ta yi tauri, ta tashi daga aiki.