Sharhi kan SpamAssassin da amavis: ceto wasiƙar gaskiya daga kwandon saƙon banza

Ba a yawan saƙon banzan da SpamAssassin, manhajar tace imel, ke tarewa nake auna shi ba. Inda nake gwada shi shi ne ranar da ya kama wasiƙar gaskiya, takardar biyan kuɗi ko amsar wata kwangila, mai ita kuma ya ce a nemo masa yanzu. Na yi aiki da shi haɗe da Postfix (manhajar karɓa da aika imel) da amavisd-new (amavis a taƙaice, mai miƙa wasiƙu ga SpamAssassin don tacewa) a kan Debian, kuma a wannan fannin ya ci yabo, amma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne ka kunna killacewa, wato ajiye kwafin wasiƙar da aka tare, tun kafin abin ya faru. Idan makin zargi da SpamAssassin ya ba wasiƙa ya kai iyakar $sa_kill_level_deflt, wanda Debian ta sa 6.31, amavis zai hana ta wucewa. In an kunna killacewa, kwafinta na nan a /var/lib/amavis/virusmails. In ba a kunna ba kuma $final_spam_destiny, saitin makomar saƙon banza, na kan D_DISCARD (a zubar), ta tafi ke nan, sai dai ka roƙi mai aikowa ya sake turowa.

Ceton kansa ba wuya. Ka nemi adireshin mai aikowa a /var/log/mail.log, za ka ga layi mai ɗauke da "Blocked SPAM" da sunan fayil ɗin da aka killace, irin su spam-wani-abu.gz. Sai ka miƙa sunan ga amavisd-release yadda yake a layin, har da ɗan harafin babban fayil da ke gabansa. Nan take wasiƙar za ta faɗa akwatin mai ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne SpamAssassin ba ya ɓoye dalilinsa. Buɗe fayil ɗin da zcat, ka tura wa spamassassin -t, zai jero maka kowace doka da makin da ta ɗora. Wasiƙun kasuwanci daga Najeriya suna shan wahala a nan. "Dear Sir" a farkon wasiƙa yana tayar da DEAR_SOMETHING, taken da aka rubuta da manyan baƙaƙe yana tayar da SUBJ_ALL_CAPS, ga ambaton miliyoyi da asusun banki da ke jawo dokokin ADVANCE_FEE, waɗanda aka ƙirƙira don 'yan 419. Ko ɗaya bai isa shi kaɗai ba, amma in suka haɗu a wasiƙar ɗan kwangila mai gaskiya, sai maki ya haura iyaka.

Wani lokacin laifin ma na sabar ne. Duk wanda ya bar sabarsa tana tambayar DNS (tsarin nemo adireshin intanet) ta 8.8.8.8 na Google zai riƙa ganin URIBL_BLOCKED, domin masu jerin baƙaƙen adireshi ba sa amsa tambayar da ta biyo ta irin waɗannan hanyoyin na kowa da kowa. Spamhaus, ɗaya daga cikinsu, kan mayar da 127.255.255.254, wanda saƙon kuskure ne, amma tsarin da ba a saita da kyau ba sai ya ɗauka an ce mai aikowa ɗan damfara ne. Maganin shi ne ka girka unbound, manhajar da ke yin tambayar DNS da kanta, a kan sabar. Haka nan trusted_networks: in ba ka sa adireshin sabar da ke miƙo maka wasiƙu ba, SpamAssassin zai yi ta binciken adireshin da bai kamata ba. Kuma a bar sa-update, mai sabunta dokokin SpamAssassin, yana gudana kullum, domin doka ma kan yi kuskure. Ranar 1 ga Janairun 2010 dokar FH_DATE_PAST_20XX ta ɗauki sabuwar shekara a matsayin kwanan wata na bogi, ta yi ta ɗora wa wasiƙun gaskiya maki wajen 3.

Inda na fi ganin ana ɓata lokaci shi ne horar da Bayes, sashen SpamAssassin da ke koyo daga wasiƙun da aka nuna masa. Ana gudanar da sa-learn --ham, umarnin nuna masa wasiƙar gaskiya, a matsayin root (babban asusun sabar), alhali amavis na karanta tasa ma'ajiyar a /var/lib/amavis/.spamassassin, sai horon ya tafi a banza. Dole a gudanar da shi da sunan amavis. Duba da sa-learn --dump magic: sai nham da nspam, adadin wasiƙun gaskiya da na banza da ya koya, kowanne ya kai 200 Bayes ke fara aiki. Kada kuma a horar da wasiƙar da ma'aikaci ya sake turo maka daga Outlook, bayanan da ke samanta (header) sun riga sun canja. Asalin fayil ɗin ake so.

Don kada a sake kama mutum ɗaya, welcomelist_from (kafin sigar 4.0 ta Disambar 2022 sunanta whitelist_from) tana cire maki 100, sai dai kowa na iya ƙirƙirar adireshin mai aikowa. Na fi son welcomelist_auth, wadda ba ta yarda sai SPF ko DKIM, hanyoyin tantance mai aikowa, sun tabbatar.

Babban raunin wannan haɗin shi ne ma'aikaci ba shi da shafin da zai leƙa ya saki wasiƙarsa da kansa, komai sai ta hannun mai kula da sabar. Ga ƙaramin ofis, shawarata a sa $final_spam_destiny a D_PASS (a bar ta ta wuce), a bar Sieve, mai rarraba wasiƙu a manhajar akwatuna ta Dovecot, ya kai abin da aka yi wa alama babban fayil na Junk, kowa ya duba nasa. Ofishi mai ɗaruruwan akwatuna kuwa gara ya duba Proxmox Mail Gateway, wanda shi ma SpamAssassin yake amfani da shi amma yana aika wa kowa rahoton abin da aka killace masa, da wurin latsawa a sako.