Sandar gicciye bayan sa gatari ɗaya a gaba: sifirin mai murɗi da mai falle

Malam, ka ce ka cire ƙafafun gaban Hilux ɗinka, irin waɗanda kowace taya ke motsi ita kaɗai, ka sa gatari guda mai haɗe tayoyin biyu. Mai walda ya ce sai an ƙara sandar gicciye, wadda ake kira "tirak ba", bakanike kuma ya ce asarar kuɗi ce. Kowannensu na iya zama da gaskiya, domin abin ya dogara da sifirin da ka ɗora da kuma yadda sitiyarinka ke tura taya.

Aikin sandar guda ne. Kanta ɗaya a shasi, ɗayan a gatari, tana gicciye, tana hana gatarin zamewa hagu ko dama. Wasu na ce mata Panhard, sunan kamfanin Faransa da ya fito da ita.

In sifirin mai murɗi ka sa, magana ta ƙare. Shi nauyi kawai yake ɗauka, ba ya riƙe gatari ta gefe ko kaɗan. Hannuwan ƙarfe da ke haɗa gatari da shasi ta gaba da baya ma ba su isa ba. Shi ya sa Land Cruiser 80 ta zo da sandar, haka ma 79 da aka mayar da gabanta mai murɗi a 1999. Sai fa in hannuwa huɗu aka haɗa a karkace kamar dala, su suna riƙe gefen da kansu, amma a gaban mota inji da kaskon mai sukan cinye wurin.

Mai falle kuwa daban ne. An ɗaure shi a shasi gaba da baya, an matse shi a gatari da yubol, wato ƙusa mai siffar U, don haka shi da kansa yana riƙe gefe. Tsofaffin Hilux masu gatari ɗaya da Land Cruiser 75 haka suka yi ta cin gargada ba tare da sandar ba. Amma a tsohuwar Hilux, sandar da ke tasowa daga akwatin sitiyari gaba da baya take turawa, wato ta tsawon sifirin, inda yake da ƙarfi. Yawancin masu canjin gatari yanzu sitiyari mai tsallake suke haɗawa: sandar ta taso daga akwati ta ƙetara zuwa tayar ɗaya gefen. Duk murɗawar da ka yi, gefe take tura gatarin. In motar ta ɗagu sosai, tayoyi manya, maratayan sifirin dogaye, bushin ya yi laushi, sai wani ɓangare na murɗawar ya tafi wajen karkatar da sifirin kafin taya ta amsa. Nan ne direba ke jin mota na yawo a kwalta. Ford ma ta san da haka, domin Super Duty na 1999 zuwa 2004 masu jan ƙafa huɗu sun zo da mai falle a gaba da sandar tare.

Sai dai sandar tana da tata illar. Mai falle miƙe yake son hawa da sauka, ita kuwa zagaye take yi. Sanda mai santimita 90 da ke kwance daidai, in gatari ya motsa santimita 10, za ta ja shi gefe kusan rabin santimita, kuma in a tsaye-tsaye take, jan ya fi haka nesa. Sai su riƙa kokawa, bushin na ci, lanƙwasar ƙafa a kan duwatsu na raguwa. Dalilin da masu Jeep YJ da yawa ke kwance tasu ke nan.

Ni a ganina, in mai falle ne, kar ka yi walda tukuna. Tsayar da motar a kan kwalta, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, kai ka tsuguna ka duba. In shasi na zamewa a kan gatari kafin taya ta juya, fara da sabon bushin da matse yubol. In bai daina ba, sa sandar, amma ta yi layi ɗaya da sandar da ke tasowa daga akwatin sitiyari, tsawonsu ya yi kusan daidai. In suka saɓa, duk ramin da ka faɗa sitiyarin zai fizge hannunka, kuma gara babu ita da a sa ta haka.