Furannin tangaram na bango: fuskar ta yi, matsalar tana baya

Saitin da nake magana a kai furanni bakwai ne na yumɓu, ginin hannu, daga wani ƙaramin wurin gashin yumɓu a nan Zariya. Babban cikinsu siffar bado ce, faɗinsa kamar santimita 18, sauran kuma furen zoɓo ne da wardi, daga santimita 7 zuwa 10. Sun ga hunturu sun ga damina a bangon falo, don haka akwai abin faɗa. Kaya ne masu kyau, sun ci kuɗinsu, amma maƙalar da aka yi musu a baya ba ta kai ingancin fuskarsu ba.

Zariya ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Sashen Zane-zanen Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya daɗe yana koyar da aikin tangaram, kuma jami'ar ce ta ba Ladi Kwali, shahararriyar maginar tukwane wadda hotonta ke bayan naira ashirin, digirin girmamawa a 1977. Farar ƙasar da ake haɗa yumɓu mai kyau da ita ma tana nan kusa, a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Mai saye a garin nan ba shi da dalilin karɓar aikin da bai gasu ba.

Gashin waɗannan ya yi. Irin wannan kaya sau biyu yake shiga wuta: na farko a wajen digiri 1000, yumɓun ya zama kasko, sai a shafa masa ruwan gilashi, wato haɗin da ke narkewa a wuta ya rufe jikin kamar gilashi, a mayar, a kai shi tsakanin digiri 1200 da 1280, jikin ya haɗe ya daina shan ruwa. Gane haka ba wuya. Ɗaga furen da yatsu biyu, ka ƙwanƙwasa da cokali. In ya yi amo mai tsawo kamar kofin shayi na tangaram, ya gasu kuma babu tsaga a ɓoye. In ya ce "tuk" ya tsaya, ko wutar ba ta kai ba, ko akwai tsaga. Sannan ka ɗiga ruwa a bayansa inda babu gilashi. A waɗannan, ɗigon yana nan zaune har sai an goge. Wannan gwaji yana da muhimmanci, domin akwai furannin da ake sayarwa da sunan tangaram alhali farin garin da ake kwalliyar silin da shi ne, ko kuwa kwaɓin sitaci da gam da aka bari ya bushe a iska. Na farkon farce ma yana kankare shi, na biyun kuwa damina na sauka zai fara laushi, wani har ya yi fumfuna.

Wurin da za a fi zuba ido shi ne gindin kowane ganyen fure, inda ya haɗu da tsakiya. Ganye ɗaya-ɗaya ake murzawa, kaurinsa kamar milimita 3, a kakkarce gefen da za a haɗa, a shafa kwaɓaɓɓen yumɓu mai ruwa-ruwa, a danna. Bakin ganye siriri ne, tsakiya kuma kauri gare ta, saboda haka bakin yakan riga bushewa ya ja jiki ya bar gindi a baya. Shi ya sa magini ke rufe aikin da leda ya bar shi ya bushe a hankali. Iskar hunturu ta Zariya ba ta ba da wannan dama, in an yi sakaci dare ɗaya ya isa. Ɗaya daga cikin ƙananan furannin yana da tsaga siririya a daidai wannan wuri, gilashi ya rufe ta, sai an kai shi hasken rana ake gani. Ba ta ƙaru ba, amma da bai kamata ya shiga kwali ba. Wanda zai ba da oda kuma ya tuna yumɓu yana raguwa da kusan kashi 12 cikin ɗari tsakanin gini da gashi, sai ya faɗi girman da yake so bayan an gasa.

Launin ya burge ni, musamman bado, inda gilashin ya taru a kwarin ganye ya yi duhu, ya yi haske a baki. Fenti ba ya ba da wannan, kuma rana ba ta koɗar da shi. Sai dai biyu daga ciki ba su da sheƙi, su ne kuma masu wahalar tsafta. Ƙurar hunturu buroshin fenti mai laushi yana fitar da ita. Hayaƙin turaren wuta kuwa maiƙo gare shi, yana kama jikin marar sheƙi, sai an sauke an wanke da ruwan ɗumi da sabulu. Gidan da ba a rabuwa da kaskon turare, a zaɓi masu sheƙi.

Yanzu ga inda aikin ya gaza. Manyan huɗu an huda musu ramin ratayewa a baya tun yumɓu yana ɗanye, wanda shi ne daidai. Wasu magina kuma sukan dasa 'yar waya mai jure wuta a gasa tare. Ƙananan ukun kuwa zoben ƙarfe aka manna musu da gam ɗin kyandir, wanda ake narkarwa da zafi, bayan gashi. Wannan gam ba ya kama tangaram sosai, zafin bazara na Maris da Afrilu kuma yana sa shi saki. Kafin a rataya, a ɓamɓare shi, a goge wurin da samfefa, a sake manna zoben da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a bar shi awa 24.

A bangon bulo, ƙusa kai tsaye tana fasa filasta. A huda da injin huda bango, baki mai milimita 6, a cusa 'yar robar da ke riƙe sukuru a rami, a ɗaura sukuru a bar kansa waje kamar milimita 5. Tef mai manne fuska biyu bai dace ba, fentin ruwa yakan yi gari, ya taho tare da furen. A gidajen ƙasa na cikin birni, ƙusa takan yi lako-lako, gara a jera furannin a kan allon katako a kafe allon da kyau. Kafin huda, a yanka takarda daidai girman kowane fure a liƙa a bango, a ja baya a duba: babba a tsakiya daidai ido, tazarar yatsu uku zuwa huɗu tsakaninsu, nesa da bayan ƙofa da hannun yara.

A matsayin kyauta, sun fi dacewa da gudunmawar amarya ko barka da sabon gida. Ba surar mutum ko dabba, don haka suna shiga falon da ba a rataya hoto, kuma sun yi daidai da idon da ya saba da jere da zanen bango irin na Zazzau. Amma naɗin da suka zo da shi, jarida falle biyu, bai isa tafiya a Keke Napep ba, balle motar haya zuwa Kano. A cusa auduga tsakanin ganyayyakin, a naɗe kowane fure shi kaɗai da soso, kada a ɗora wani kan wani, a cike kwalin har ya daina motsi in an girgiza. A sa sukurori da robobinsu a 'yar leda a ciki, don kada masu jere su nemi ƙusa da guduma ranar.