Tiga ko Challawa? Amsa ga ɗan'uwan da ke son kai iyali bakin dam

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ita ce kana cikin Kano, kana so ranar Asabar ka kwashi madam da yara ku je bakin ruwa ku sha iska, kai kuma ka ɗan samu inda za ka yi sassarfa tunda ka gaji da zagaye filin unguwa, shin Tiga za ka nufa ko dam ɗin Challawa na Karaye. Tun daga farko in gaya maka, in da yara a motar to Tiga. In kai kaɗai ne ko da abokan gudunka, a nan ne Challawa za ta iya shiga lissafi.

Amma ka fara cire wani abu daga ranka, duka biyun ba wurin wasa aka gina ba. Dam ne na noman rani da ruwan sha, kada ka je kana tsammanin lilo da kujeru da mai sayar da askirim. Abin da ka ɗauko daga gida shi ne naka, tabarma, kula cike da abinci, ruwan sha mai yawa, buta da darduma, har ledar da za ku kwashe sharar ku.

Maganar hanya. Tiga tana ƙaramar hukumar Bebeji, wajen kilomita 70 daga birni, titin Zariya za ka bi ka wuce Kura da Kadawa sannan ka karya hagu ta wajen Bagauda inda makarantar horar da lauyoyi take. Yawancin tafiyar a kan babban titi kake, akwai gidajen mai, akwai masu faci, in yaro ya ce fitsari ba za ka rasa inda za ka tsaya ba. Challawa kuwa tana Karaye, wajen kilomita 90, ta titin Gwarzo, ka wuce sabuwar BUK ka yi ta tafiya. Kilomita 20 ɗin nan da ke tsakani a baki ba komai ba ce, amma wanda ya taɓa tuƙi da yara uku a baya suna faɗa a kan wa zai zauna jikin taga ya san me nake nufi.

Girman ruwan ma ba ɗaya ba. Tiga tun zamanin Gwamna Audu Bako aka yi ta, an fara 1971 aka gama 1974, aka datse Kogin Kano, kuma ruwan ya mamaye wajen murabba'in kilomita 178. In ka tsaya a bakinsa ranar da hazo ya sauko ba ka ganin ɗaya gaɓar, yara za su rantse maka teku ne. Daga nan ake sako ruwan da ke bin kanal ta Ruwan Kanya ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, wato shinkafa da tumatir ɗin da ka wuce a hanya duk ruwan Tiga suke sha. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin kai yara, tun a mota ka nuna musu kanal da gonaki, in kun isa ka ce to ga inda ruwan ya fito. A 2023 ma aka ƙaddamar da injin wutar lantarki mai megawat 10 da gwamnatin jiha ta sa a wurin. Challawa ƙanwa ce, Julius Berger ne suka gina ta daga 1990 zuwa 1992 a kan Kogin Challawa, ruwan da take ɗauka bai kai rabin abin da aka tsara wa Tiga ba.

To amma a wajen gudu lissafin ya juya. Bangon da ya tare ruwan Tiga tsawonsa wajen kilomita 6 ne, na Challawa ya kusa 8, ka ga zuwa da dawowa kaɗai ya ba ka 12 a can, nan kuma ka haura 15, ba hawa ba gangara, ba ɗan adaidaita da zai maka hon a ƙeya. Sai dai kada ka faka mota kawai ka hau bangon mutane ka fara tsalle-tsalle. Wurin na hukumar kogunan Hadeja da Jama'are ne, akwai ma'aikata da masu gadi, ka je ka yi sallama ku gaisa ka faɗi abin da ya kawo ka, in sun ce hau ka hau, in sun ce a'a kada ka tsaya musu, hanyoyin burji da na gonaki da ke kewaye sun ishe ka, gwiwarka ma ta fi son su a kan kwalta. Abin da ya sa na ce Challawa ta fi wa mai gudu shi ne shirun wurin, baƙi ba su cika zuwa ba. Shirun nan kuma shi ne matsalarta ga mai iyali, don kai ka tafi ka yi awa ɗaya da rabi kana haki, ka bar mace da yara a kan tabarma inda ba kowa sai shanu, wallahi kafin ka dawo an gama shirya maka shari'a. A Tiga akwai gari kusa, akwai masunta da masu kifi, mutane na kai da kawo, hankalin madam zai fi kwanciya.

Ka sa dogon wando na motsa jiki, ƙauye za ka ratsa, gajeren wando iya cinya ba zai yi maka kyau a idon dattawa ba. In ka hango garken Fulani ka rage gudu ka koma tafiya, karnukansu ba su san motsa jiki ba, duk mai gudu ɓarawo ne a wurinsu.

Yanzu abin da ya fi komai, kuma a nan Tiga da Challawa duk ɗaya ne. Kada yaro ya shiga ruwan nan. Za ka ga yaran garin suna ninƙaya kamar kifi, naka za su fara roƙo, ka daure ka hana. Na farko bakin dam yaudara gare shi, taku biyu ruwa iya gwiwa, na uku rami ne ko taɓo mai riƙe ƙafa, kanal ɗin ma da kake gani kamar ba komai ruwansa na da ƙarfi kuma gefensa santsi. Na biyu tsargiya, irin ruwan nan mai kwanciya da ciyayi a baki nan katantanwar da ke ɗauke da cutar take zama, ta fata ƙwayar take shiga ba sai an sha ba, sai bayan makonni ka ga yaro na fitsarin jini ka rasa daga ina. Ko alwala ku yi da ruwan da kuka zo da shi. Kwale-kwale kuma in babu rigar ruwa ga kowa to a haƙura a yi hoto daga tudu, mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwambar 2021 ba, jirgi ya kife da mutane, fiye da 20 suka rasu kuma yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne, Allah Ya jiƙansu.

Lokaci kuwa, daga Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi, damina ta wuce, dam ya cika, gari bai gama bushewa ba. Cikin hunturu akwai daɗin gudu amma iskar bakin ruwa da sassafe sai da rigar sanyi ga yara. Maris zuwa Mayu kada ma ka fara, ruwan ya ja baya, inuwa ta yi ƙaranci, ƙarfe 10 rana ta fara dukan ƙeya. Ku fita bayan asuba, ka yi gudunka da wuri, ku ci abinci, da la'asar kuna kan hanya, kada magariba ta same ku a can, kuma ana gobe ka kira wani ɗan yankin ka ji lafiyar hanya.

In Tiga kuka je ka tafi da wata kula daban da ƙanƙara saboda kifi, karfasa da tarwaɗa ba a rasa su wajen masunta, ka yi ciniki sosai don suna ganin lambar mota farashi ke tashi. A dawowa in lokacin tumatir ne ka tsaya Kwanar Gafan ka cika but, kuɗin man ka ma zai ɗan dawo ta nan.