Girif mai tsakuwa ko na gama-gari: wanne ya dace da katakonka a Kano?

Ɗan uwa, ka ce ka sayi lonbod na hannu (dogon katako mai tayoyi da ake hawa a tsaye), girif ɗin samansa, wato fallen nan mai kaushi da ake mannawa don ƙafa ta kama, ya suɗe har ƙafarka na zamewa, ƙaninka kuma yana da ƙaramin siketbod, gajeren irinsa, da yake koyon tsalle a kai. Kana tambaya ko ka saya muku mai kaushin nan sosai da ka ga 'yan gangara suna amfani da shi, ko na gama-gari ya wadatar, sannan ko sanfefar kafinta za ta iya maye gurbinsa. A gani na ku biyun duka na gama-gari ya kamata ku saya, amma bari ka ji dalili, don wata rana za ka zaɓa ba tare da ka tambayi kowa ba.

Lambar kaushin girif irin ta sanfefa ce: idan lamba ta yi ƙasa, ƙwayoyin sun fi girma. Na gama-gari, wanda kamfanonin Jessup, Mob da Grizzly suke yi, yana wajen lamba 80. Mai tsakuwa, irin na kamfanin Vicious, yana sauka wajen 36, idan ka shafa hannu a kai za ka ji ƙwaya ɗaya-ɗaya. An yi shi ne don masu sauko da gangaren dutse a guje, su karkatar da katako a kwana tayoyi na jan ƙasa. A wannan halin idan ƙafa ta gusa ko da kaɗan, sai asibiti. Aikinsa ke nan, ya dasa ƙafa a inda aka ajiye ta.

To a ina za ka yi wannan gudun a Kano? Garinmu shimfiɗaɗɗe ne. Ban da Dala da Goron Dutse ba mu da wani tudun kirki, su kuma ba wurin hawa katako ba ne. Abin da mai lonbod yake yi a nan shi ne turawa da ƙafa a miƙaƙƙen titi da sassafe kafin 'yan adaidaita su fito, ko zagaye a farfajiya mai siminti. A irin wannan tafiya ƙafar gaba kullum cikin juyawa take: ka miƙar da ita ka tura, ka gicciye ta ka tsaya daidai, ka sake miƙarwa. A kan lamba 80 murzawa kawai za ka yi a kan tafin ƙafa ta juya. A kan 36 sai ka ɗaga ta dungurungum, kuma ga wanda bai gama sabawa ba, a wannan ɗagawar ake faɗuwa.

Maganar ƙaninka ma ba ta da ja. Tsallen oli, wanda katako ke tashi sama tare da mai hawansa, ana yin sa ne da jan gefen takalmi a kan girif daga tsakiyar katako zuwa hancinsa. Dole takalmin ya kama, dole kuma ya zame. Mai tsakuwa zai riƙe ƙafar ya hana ta tafiya, ya kuma huda kambas ɗinsa cikin ɗan lokaci. Ko a cikin na gama-garin ma akwai bambanci: Mob ya fi cizo, gam ɗinsa ya fi ƙarfi, yana da ƙananan huduji da ke fitar da iska lokacin mannawa, Jessup ya fi shi sanyi a kan takalmi, ya fi sauƙin yanka. Yaron da takalminsa ɗaya ne, da shi yake zuwa makaranta da shi yake wasa, Jessup zan ba shi. Idan kuma za ku shiga Ƙofar Wambai nema masa takalmin gwanjo, ku duba mai fata mai gashi-gashi, ya fi yadi jure gogayya nesa ba kusa ba.

Ba zan ɓoye maka inda mai tsakuwa ya yi zarra ba, wato ƙura. Tsakanin ƙwayoyinsa akwai fili, don haka ba ya saurin toshewa. Kuma ƙura ita ce babbar matsalarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, baƙin girif sabo fil yana komawa ruwan ƙasa, garin ƙura ya cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin, sai mutum ya ɗauka girif ya mutu alhali cikewa ya yi. Shi ya sa nake so ka duba naka da kyau kafin ka kashe kuɗi. Ka sami danƙon nan da ake goge sanfefar inji da shi, ko tsohon buroshin haƙori da ɗan ruwa kaɗan, ka goge wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu, ka danna tsumma ya tsotse dattin, ka bari ya bushe. Idan ka shafa yatsa ka ji yana kartar fata, girif ɗinka na nan da ransa. Idan wurin ya fito sumul yana ɗan sheƙi, musamman inda kake ajiye ƙafar gaba, to ya ƙare. Kada dai ka kwara masa ruwa da bokiti. Katakon falle-falle ne aka manne da gam, ruwa na shiga ta gefe da ramukan noti ya kumbura shi.

Saboda ƙurar nan ce kuma ba na ba kowa shawarar fari, mai launi ko garai-garai wanda ake ganin katako ta cikinsa. Ranar farko kyau kamar me. Bayan haka kowane sawun takalmi sai ya zauna.

Sai zafi. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da muke haura digiri 40, baƙin girif na shan rana, gam ɗin ƙarƙashi ya yi laushi, gefuna su fara ɗagowa, ƙura ta shige ƙasa, daga nan ba ya sake kamawa. A nan girif mai suna ya bambanta da mai arha marar suna: a ido duk baƙi ne, a gam ake gane su. Kada ka bar katako a but ɗin mota ko a tsakar gida da rana tsaka.

Sanfefa kuwa, na san dalilin tambayar, tunda ga ta nan birjik a Ƙofar Ruwa, shi kuma girif sai an yi oda daga Legas, wurin shaguna irin Wafflesncream, ko ta intanet. Amma an yi sanfefa ne don ta ci katako ta ƙare a yar. Ba ta zo da gam ba, mai bayan takarda tana yagewa da zarar ta ji damshi, ƙwayoyinta suna zuba. Idan dole ta kama, tef ɗin hana santsi da ake mannawa a matakalar bene ya fi ta, ko da yake siriri ne, sai ka jera layi-layi. Zai riƙe lonbod ɗinka kafin oda ta iso. Ga mai koyon tsalle bai dace ba, takalmi zai riƙa kama bakin kowane layi yana ɓare shi.

Wurin oda ka kula da girma, nan mutane da yawa ke yin asara. Falle ɗaya na gama-gari inci 9 ne a faɗi, 33 a tsawo. Ya ishi katakon ƙaninka har da rara. Lonbod kuwa yakan kai inci 36 zuwa sama da 40, faɗinsa ya kusa 10, don haka falle ɗaya ba zai rufe shi ba. Ka auna da tef ɗin tela a wurin da ya fi faɗi, ka nemi wanda ake yankowa daga nadi mai faɗin inci 10 ko 11, ka ƙara inci biyu a kan tsawon.

Ranar mannawa ku shiga ɗaki ku rufe taga. Ka kwance ƙafafun ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ka ɗumama tsohon girif da dirayar busar da gashi ka ɓare shi a hankali, ka goge ragowar gam. Ka fara manna sabon daga tsakiya kana lallatsawa zuwa waje. Ka goga magagari ko jikin sukundireba a bakin katako har farin layi ya fito, sannan ka yanka ta ƙasa da sabuwar reza a karkace. Guntun da ya rage ka ninka shi ka murje gefunan da shi don kada su ɗago. Ramukan noti takwas ɗin ka huda su ta ƙasa da ƙusa. Idan za ka ɗauki katakon a hammata, ka juya girif ɗin yana kallon waje, in ba haka ba kafin ka isa bakin titi ya tsefe maka gefen riga.