Gidan Gamble a Pasadena: rangadin awa ɗaya ya yi kaɗan

Duk mai aikin kafinta da ya je Kalifoniya, ya kamata ya ga wannan gida. 'Yan'uwa biyu, Charles da Henry Greene, su suka zana shi a 1908 domin David da Mary Gamble. A 1966 iyalan suka miƙa shi ga birnin Pasadena, a 1977 kuma Amurka ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.

Abin kallo shi ne katako. Dubi matakalar zauren shiga, ta wani irin katako da ake kira tik (teak): an goge kowace kusurwa ta yi sumul, mahaɗan kuma ba a ɓoye su ba, an bar su a fili kamar yatsu a sarƙe. Kawunan sukurori ma an rufe su da 'yan turakun katako. Ƙofar gilashi mai hoton bishiya tana da kyau matuƙa.

Matsalar irin wannan gini tana waje. Bakin katakon da ke ɗauke da rufi ya zarce rufin, ruwan sama na jiƙa shi har ya ruɓe. An yi masa babban gyara a 2004.

Jagora na bayani sosai, amma cikin gidan da duhu, awa ɗaya kuma ba ta isa. Sa takalmi marar tsini, saboda daɓen.